A yi mana ƙofar tsallake a shafin jarida

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in kawo kuka kan wani abu da mai ido ba zai taɓa lura da shi ba.

Ni makaho ne, kuma da kunne nake karanta jaridarka. A kwamfutata ina amfani da NVDA, manhajar kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka fara a 2006, a waya kuma TalkBack. Duk abin da ke kan allo sai ta karanta mini shi daga sama zuwa ƙasa. Muryar tawa ta Turanci ce, don haka yadda take furta "ƙasa" da "ɗalibai" abin dariya ne, amma wannan kukan wata rana ne.

Idan mai ido ya buɗe labari, idonsa kan kanun labarin yake sauka. Ni kuwa sai na fara jin sunan jarida, sai Labarai, Siyasa, Wasanni, Kasuwanci, Kannywood, Ra'ayi, sai Facebook, sai wurin bincike, sai talla. Ran nan na ƙirga, sai da na danna maɓallin Tab, mai matsar da kai daga wannan wuri zuwa na gaba a shafi, fiye da sau 40 kafin na isa labarin farashin taki da nake nema. Na gama, na buɗe labari na biyu, aka sake faro mini daga sunan jarida. Kamar a ce wa ɗan makarantar allo duk sanda zai biya Tabbat sai ya faro daga Fatiha. Kafin labari na uku na haƙura na kunna rediyo.

Maganin kuwa ƙarami ne. Mahaɗi guda ake sa wa a can farkon kowane shafi, mai cewa "Tsallaka zuwa labari". Wanda ke amfani da linzamin kwamfuta ba ma zai gan shi ba, sai an danna Tab yake fitowa. Ka danna Enter, ya dire ka a kan labarin. Shafin gwamnatin Birtaniya yana da shi, Wikipedia ma haka. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta sa hanyar tsallake abin da ke maimaituwa cikin ƙa'idojinta na WCAG 2.0 na 2008, a lamba 2.4.1, kuma a mataki na farko, wato mafi ƙarancin abin da ake nema daga kowane shafi.

Gaskiya mu makafi muna da ɗan sauƙi. A NVDA idan na danna harafin H tana kai ni kanu na gaba, muddin masu shafin sun yi wa kanun alama yadda ya kamata, ba wai sun ƙara wa rubutun girma kawai ba. Wanda na fi tausayawa shi ne maƙwabcina, tsohon malamin sakandare da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Idonsa garau, yana ganin labarin a gabansa, amma hannunsa ba ya riƙe linzami. Da yatsa ɗaya na hagu yake danna Tab, kuma shi ba shi da wannan dabarar ta H. Haka masu karkarwar hannu, da wanda ke danna madannai da ɗan sanda a baki. Kowace dannawa aiki ce a wurinsu.

Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Ana ta maganar matakala da keken guragu, kuma daidai ne. Amma yau fom ɗin neman aiki, sakamakon jarrabawa da labarin kasuwa duk a intanet suke, a can kuma ba siminti ko kwangila ake buƙata ba.

Sai dai a kula, na sha cin karo da shafin da ya sa mahaɗin amma ba ya kai ka ko'ina, ka danna ka tsinci kanka inda kake. Wasu kuma sun ɓoye shi har mai ido da ke amfani da Tab ba ya ganinsa. Don haka idan ma'aikatanka sun sa, Edita, ka ce su ajiye linzamin gefe su buɗe labari uku a jere da Tab da Enter kawai. In ana neman wanda zai gwada da kunne, ga ni.

Naka mai karatu kullum,
daga Sabon Gari, Zariya