Zuwa ga ɗana, kan taswirar nan taka

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, duk da dai yanzu lafiyar taka sai a bakin mutane muke jin ta.

Ƙanwarka ce ta turo min fayil ɗin littafin labarin da ka rubuta da taswirarsa, kar ka yi mata faɗa, ni na matsa mata lamba. Na sa an buga min a takarda tunda idona ba ya jure hasken waya, kwana uku ina karantawa, taswirar kuma na shimfiɗa ta a kan tebur na danne gefe ɗaya da kofi ɗaya gefen da gidan tabarau. Ba zan ɓoye maka ba, ka iya rubutu. Ƙasar bakin iyakar nan da ka ƙirƙira, da jerin duwatsunta da ganuwarta da dodannin da ke bayan ganuwar, har sai da na ji kamar na taɓa kwana a can. Amma ka san wanda ya shekara talatin yana riƙe da alli ba ya ganin kuskure ya wuce.

Kogin naka dai ba zai yiwu ba. Ka taso da shi daga fadama ka haura da shi kan dutse, sannan a tsakiyar ƙasa ka raba shi biyu kowanne ya kama gabansa. Ruwa gangara yake bi, ƙananan rafuka haɗuwa suke su zama babba, rabuwa galibi sai an kusa teku kamar yadda Nilu yake yi a Masar. In kuma sihiri ne ke tura shi sama toh ka faɗa mana waye ya yi sihirin, kuma me ya ci masa. Haka duwatsun, ka cika gefe biyun da kurmi iri ɗaya, alhali iskar da ta ɗauko danshi in ta hau dutse sanyi take yi ta zubar da ruwanta a nan gefen, ta sauka ɗaya gefen a bushe, shi ya sa kudancin Himalaya yake shan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya Tibet kuwa da ke bayansa ƙeƙasasshe. Da ka bi wannan da ka samu dalilin yaƙin naka a kyauta, masu ruwa da marasa ruwa, ba sai ka ce mutanen can haka aka halicce su mugaye ba.

Sai ganuwar. Soja dubu goma ka jibge a kanta babu gona babu rijiya babu hanyar da hatsi zai biyo, me suke ci? Kuma ka yi ta babu ƙofa sai guda ɗaya tak. Ganuwar da sarkin Rum Hadiriyan ya sa aka fara ginawa a arewacin Ingila a shekara ta 122, wajen kilomita 117 ce, amma kusan duk bayan mil guda akwai ɗan sansani mai ƙofa, don mutanen bakin iyaka dole su shiga su fita. Ko ina ka duba haka suke, harshe biyu a baki, dangi a nan dangi a can, wanda ake kira maƙiyi a fada shi ne suruki a ƙauyen gindin ganuwa. Babbar ganuwar Sin ma duk girmanta, a 1644 da Manchu, mutanen da ke bayan ganuwar, suka shigo ai ba rusa ta suka yi ba, Janar Wu Sangui mai tsaron ganuwar ne ya ba su hanya ta mashigar Shanhai.

Toh duk wannan ba shi ya hana ni barci ba, ka ma san ba shi ba ne.

Tarihin da ka ba ƙasar, ka ce yaƙin shekara ɗari uku ya samo asali ne daga dare ɗaya, tsohon mai gadin ƙofa ya ja ta ya rufe alhali ɗansa yana waje yana bugawa. Ka ba tsohon tari, ka ba shi ɗabi'ar goge tabarau da bakin riga in ransa ya ɓaci. Ni yaro ne? Har maganar da ka sa masa a baki na gane ta, tawa ce, ko harafi ba ka canja ba. Haba ɗana. Ni ka mayar dodon tatsuniya duniya ta karanta? Kai ma ka san abin da ka yi kafin daren nan, ka san wanda ya je ya ba kawunka haƙuri, ka san wanda ya biya, amma duk wannan babu shi a littafin, tsohon kawai ya tashi ne ya rufe ƙofa saboda mugunta. Ba haka ake rubuta tarihi ba, ko a aji ban yarda ɗalibi ya ji bakin mutum ɗaya ya yanke hukunci ba. In da ban yi maka tsawa ranar ba da wa zai yi? Ni haka aka rene ni kuma ban lalace ba. Kuma ƙofar nan ban sa mata sakata ba, tambayi mahaifiyarka, a zaune na kwana.

Amma bar wannan, zage ni a littafi goma in kana so. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne farin wurin nan da ke saman taswirar, can bayan tsaunuka na ƙarshe, inda ba ka zana komai ba, babu kogi babu gari ko dodo babu, sai ɗan rubutun da ka yi da hannu cewa wanda ya shiga ba ya dawowa. Kuma a babin ƙarshe yaron ya ajiye takobinsa ya raba kayansa ga abokai ya nufi can shi kaɗai, ka ma rubuta shi kamar hutu zai je. Na karanta shafin nan ya fi sau goma. Sai ga ƙanwarka tana ce min ka bar aikin, ba ka fita, dare kake rayawa rana ka yi barci, waya ta yi ta ringi ba ka ɗauka, wai har kwamfutarka ta biyu ka kyautar. Wallahi hannuna rawa yake da nake rubuta wannan. Ina tambayarka kai tsaye tunda ban iya kwana-kwana ba, yaron nan kai ne? Akwai abin da kake shirin yi wa kanka? In akwai ka faɗa min, ko ka faɗa wa mahaifiyarka, ko likita, ba zan yi faɗa ba, na rantse ba zan ɗaga murya ba, mota zan shiga in zo in zauna ko ba za ka ce min uffan ba. In kuma labari ne kawai tsoro ne irin na tsufa ya kama ni, toh ka yi min dariya, na yarda, amma a waya nake son jin dariyar.

Akwai wani sansanin Rumawa kusa da ganuwar Hadiriyan ɗin, Bindolanda, a 1973 aka fara tono wasiƙu a can rubuce a kan siraran katako. A ciki akwai wadda aka aika wa wani ana sanar da shi an turo masa safa da takalma da kamfai. Sojojinka babu mai samun wasiƙa ko ɗaya, na duba. Ka gyara wannan ma.

Mahaifiyarka ta haɗa maka kaya, rigar sanyin nan da ka bari tana ciki, ta ce in gaya maka ba ta karanta littafin ba kuma ni ma ban gaya mata zancen farin wurin ba. Na zana maka yadda kogin ya kamata ya bi da jan biro a bayan taswirar, ƙanwarka za ta ɗauki hoto ta turo. Wayata tana kunne, na sa ta a caji a gefen gado, ko ƙarfe uku na dare ne ka kira.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka