Om Shanti Om: wasan taubashi ne, amma an haɗa da dattijo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cikina game da gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu tun daren Asabar, da muka sake kallon Om Shanti Om, fim ɗin nan na Farah Khan na 2007.

Ƙanena ya dage cewa ba a taɓa tona asirin taurarin fim kamar a nan ba. Hujjarsa ita ce wurin da aka nuna bikin ba da kyautar Filmfare, ta gwanayen fina-finan Indiya, a cikin fim ɗin. Shah Rukh Khan, a matsayin Om Kapoor, shagwaɓaɓɓen ɗan gata mai zuwa wurin aiki sa'ad da ya ga dama, ya shiga takara da fina-finai biyu da ba ka iya bambance su: ya ware hannuwa a wannan, ya ware a wancan. Da aka kira sunansa a matsayin wanda ya lashe, abokan takararsa Abhishek Bachchan da Akshay Kumar suka nuna baƙin cikinsu a fili. Mai shayinmu ya yi dariya har madara ta zube masa a tebur. Wani malamin firamare da ke zama da mu kuwa cewa ya yi shirme ne kawai da aka yi wa ado.

Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma asirin wa aka tona? Kamfanin Shah Rukh ɗin ne, Red Chillies, ya shirya fim ɗin, kuma a waƙa ɗaya taurari wajen 30 suka caɓa ado suka zo taya shi rawa. Wanda ka yi wa ba'a ya zo gidanka yana taka rawa, ai ka san ba ta taɓa shi ba. Wasan taubashi ne: a zolayi juna, a tashi kowa farin jininsa ya ƙaru.

Mutum ɗaya ne abin ya yi wa ciwo, shi kuma ba taubashinsu ba ne, sa'an iyayensu ne. Manoj Kumar, wanda Indiyawa ke kira Bharat Kumar (Bharat na nufin Indiya) saboda fina-finansa na kishin ƙasa, yana da shekara 70 a lokacin. Aka sa wani ya kwaikwayi yadda yake rufe fuska da tafin hannu, 'yan sanda suka kasa gane shi a ƙofar silima, suka bi shi da kulki. Dattijon ya nuna ɓacin ransa, Shah Rukh ya ba shi haƙuri. Sai ga shi a 2013 an haska fim ɗin a Japan ba a yanke wurin ba, har dattijon ya kai ƙara kotu, ko da yake daga baya ya janye. Ya rasu a watan Afrilun 2025, mu kuma ga mu nan muna ƙyalƙyala masa dariya a bakin titi.

Ƙanena ya ce ai wasa ne. Na tambaye shi ko zai yarda a yi wa Baffanmu irin wannan wasan a bainar jama'a, sai ya juya ya ce wa mai shayi ya ƙara masa sukari.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano