Dawowar jini bayan tiyata ma tana da illa

Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili. Nan Kano da wurin tiyata ya kumbura sai ka ji ana cewa likita ya yi aika-aika, alhali ba kullum ba ne. In aka ɗaure jijiyar jini lokacin tiyata naman wurin yana rasa oksijin, to da an saki jini ya dawo sai oksijin ɗin nan ya haifar da wata guba a cikin naman, wadda ake kira firi radikal, ta riƙa cin bangon ƙwayoyin halitta, fararen ƙwayoyin jini kuma su yi caa a wurin, kumburi ya ƙaru. Shi ya sa a dashen ƙoda, wanda asibitin Malam Aminu Kano ke yi tun 2002, ake sanyaya ƙodar, ana ta sauri kar ta daɗe ba jini.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano.