Gaisuwar Kirsimeti daga Amman

Baba da Mama,

Barkanku da Kirsimeti, barkanmu da ganin wannan rana. Ina fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya hidimar biki? Ku gaishe min da Kaka da su Bitrus da Talatu da duk mutanen gida. Ni dai lafiya lau sai kewarku. Nan ma yau hutu ne, gwamnatin Jodan tana ba da hutun Kirsimeti, mun je sujada da safe mun dawo, sanyin Amman kuwa ba a magana don garin a kan tuddai yake.

Mama tun da na zo ƙasar nan kuke tambayata ko na ga Kogin Urdun, to na gan shi, shi ya sa yau na ce bari in zauna in ba ku labari da kyau. 'Yan cocinmu ne suka haɗa kuɗin mota muka je wurin da Larabawa ke ce wa Magtas, inda aka ce Yohanna ya yi wa Yesu baftisma. Daga Amman bai kai tafiyar awa ɗaya ba amma gangara ce zalla, kunne har toshewa yake, ka baro sanyi a sama ka tarar da ɗumi a ƙasa, ga gonakin tumatir da ayaba da lemo ko'ina a kwarin. A kwarin nan ne fa Lutu ya ga ruwa ya wadata ya zaɓa lokacin da suka rabu da Ibrahim.

Kogin kansa kuwa, Baba, ƙarami ne ƙwarai. Kogin Kaduna ko da rani ya ninka shi faɗi nesa ba kusa ba. Ruwan launin ƙasa ne, ga kyauro ta kowane gefe, kana tsaye a nan kana jin waƙar masu baftisma a ƙetare cikin fararen riguna, amma ba dama ka haye don kogin shi ne iyaka, soja a nan soja a can. An ce wurin a rufe yake da nakiyoyi shekaru da yawa sai bayan sulhun Jodan da Isra'ila na 1994 aka kwashe su.

Daga gindin Dutsen Harmon yake tasowa, ruwa uku ne suke haɗuwa, Dan da Baniyas da Hasbani wanda ya fito daga Lebanon, sai ya zuba a Tekun Galili ya sake fita ta kudu yana lanƙwasa har ya ƙare a Tekun Gishiri, duka tsawonsa wajen kilomita 250 ne. Tekun Gishirin ya fi mita 400 ƙasa da bakin teku, babu wuri a doron ƙasa da ya kai shi zurfi, ruwan da ya shiga nan ba ya fita sai dai rana ta shanye shi. Kuma da ba haka kogin yake ba. Ku tuna a littafin Joshuwa an ce lokacin girbi yakan cika ya yi ambaliya, a irin wannan lokacin ne firistoci masu ɗauke da Akwatin Alkawari suka sa ƙafa ruwan ya tsaya, jama'a suka haye daura da Yariko suka ɗebi duwatsu 12 suka kafa a Gilgal. Yanzu ruwan da ke isa ƙasa bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba, Isra'ila tana jan ruwa daga Tekun Galili tun 1964, Jodan da Siriya suna tare na Yarmuk, kogin da ke zuba a cikin Urdun, ruwan Tekun Gishiri kuma yana sauka wajen mita ɗaya duk shekara. Abin ya taɓa min zuciya sosai, amma ban iya zargin masu noma ba, don nan Amman ma sau ɗaya a mako ruwan famfo yake zuwa, kowane gida da tankinsa a kan rufi.

Da na ga ƙanƙantarsa sai na fahimci fushin Na'aman kuturu da Elisha ya aika masa ya je ya yi wanka sau 7, ya ce ai Abana da Farfar na Dimashƙu sun fi shi. Mutum babba, shugaban sojoji, a ce ya shiga wannan ruwan. Amma da ya shiga ya warke, kuma wadda ta fara nuna masa hanya yarinya ce 'yar aiki a gidansa, a ƙasar da ba tata ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai dai Yakubu ne. A Farawa 32 yana dawowa gida bayan shekara 20 a wurin Laban, yana tsoron haɗuwa da Isuwa, sai ya yi addu'a ya ce da sandarsa kaɗai ya haye Urdun ɗin nan ga shi yanzu ya zama ƙungiya biyu, kuma bai cancanci alherin da aka yi masa ba. A bakin rafin Yabbok ya kwana yana kokawa, rafin nan shi ne Zarka ta yau, daga nan cikin Amman ma ruwansa ya faro. Mama ni ma da jaka ɗaya na fito, kun sani, har yanzu ban zama ƙungiya biyu ba amma kuɗin makarantar Bitrus bai tsaya ba, kuma ina roƙon Allah ya komar da ni gida lafiya kamar yadda ya komar da shi. Ku sa ni a addu'a a zumuntar mata.

Ruwan Urdun da kuka ce in samo na ɗebo a ƙaramar gora, sai dai don Allah kada a sha, ba shi da tsabta, idan na sami mai tahowa zan ba shi. Na turo kuɗi ta asusun Baba, a saya wa Kaka zane da bargo, saura a ƙara a kan shinkafa da nama na sabuwar shekara. Talatu ta turo min hotunan rawar coci ta WhatsApp, zan kira da yamma idan kun dawo daga gidan Kawu.

Taku,
Rifkatu