Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, kuka na kawo maka a kan tsofaffin shagunan cikin birni.

Duk baƙon da ya zo Katsina, Hasumiyar Gobarau muke fara kai shi, daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina da ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, mu ratsa da shi Ƙofar 'Yanɗaka mu ce ta nan Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo a 1903. Waɗannan suna da masu kula da su, alhamdulillahi. Amma maƙeri da baduku da wanzamin da suka gaji rumfa tun kaka da kakanni, wa ya taɓa rubuta sunansu?

Ina yaro, duk gabatowar damina mahaifina kan kai ni wata maƙera a gyara mana fartanya. Ni nake zama wurin zugazugi, hannuna ya yi baƙi ƙirin da gawayi, tsohon yana riƙe da awartaki yana ba ni labarin ganuwa lokacin da take tsaye, kafin masu ɗibar ƙasa su cinye ta. Bara na je wurin da ɗana. Shagon cajin waya muka tarar. Uwar maƙerar ma, aka ce, an sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba.

Ba na ƙin faɗaɗa titi. Ni ma da babur nake yawo, na san wahalar lungu. Roƙona dai, ka umarci Hukumar Tarihi da Al'adu ta bi unguwa-unguwa, Masanawa, Gambarawa, Rafindaɗi, Yarinci da sauransu, ta yi rajistar duk shagon da ya haura shekara 50 a hannun gida ɗaya. A ɗauki hotonsa, a naɗi muryar dattijon da ke ciki tun yana da rai. In aikin hanya ya zo kansa, a ba shi wuri a cikin unguwarsa, kada a watsa shi bayan gari inda ba wanda ya san shi. A kuma kafa allo a bakin kowane lungu da sunansa na asali, don yaranmu sun fara kiran wurare da sunan gidan mai.

Ɗalibanmu na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya wannan aiki a hutu ɗaya, in an ba su na'ura da kuɗin mota.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani ɗan cikin birnin Katsina