Zuwa Ga 'Yata, Kan Littafin da Kika Bari a Gida

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai. Littafin Mariama Ba, marubuciyar Senegal, wannan doguwar wasiƙar da ta fito a Dakar a 1979, da kika manta a ƙarƙashin matashi, na cinye shi a dare uku. Na ga inda kika sa jan biro kika rubuta "raguwa" kusa da sunan Ramatulayi, mai rubuta wasiƙar a cikin labarin. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Ban ce sai kin so zaɓinta ba. Shekara 25 da aure, 'ya'ya 12, mijinta Modu ya auro Binetu, ƙawar 'yarsu Daba, kuma ko kunyar faɗa mata bai iya ba, sai limami ya zo da labarin bayan an ɗaura. Ta zauna. Aminiyarta Aisatu kuwa, da uwar mijinta Mawdo ta sa ya yi mata kishiya don ta raina ta 'yar maƙeran zinariya ce, sai ta ajiye masa takarda, ta kwashi 'ya'yanta 4, ta yi karatun tafinta, har ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. A shekarunki ni ma ita zan yi wa tafi.

To amma koma ki duba maganar motar. Da Aisatu ta ji aminiyarta na fama da motar haya ita da yara, ba ta ce "da kin fito da ba haka ba". Kuɗin Fiat ta biya, aka kira Ramatulayi ta zo ta zaɓa, ta dage ta koyi tuƙi. Ba su taɓa yi wa juna gori ba.

Lokacin da nake takabar babanku, wata huɗu da kwana goma, wadda ke kawo min koko kullum da sassafe ita ce wadda na yi shekara ina zargi don ta kashe aurenta. Har yau kunyarta nake ji.

An ce ƙawarki da ta bar makaranta ta yi aure ta haihu, kuma ba ki je suna ba. Na sa turmin atamfa da sabulu a cikin saƙon nan. Ki kai mata ranar Juma'a, ki ɗauki jaririn, ki bar zancen digiri a bakin ƙofa. In kin dawo ki kira ni.

Mamarki