Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Fatakwal Kan Kek Da Gwangwanin Silikon

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, har da hoton kek ɗin nan da rabinsa ya fito, rabin kuma ya yi zamansa a gindin gwangwani. Ka ba uwargida haƙuri, domin ni ma abin da ya same ni ke nan a shagona, lokacin da wani mai sayar da kayan kicin ya rantse mini cewa gwangwanin silikon, wato irin na roba mai laushin nan da uwargida ta yi gashi da shi, ba ya buƙatar ko ɗigon mai. Na yarda da shi, na zuba kek ɗin bikin suna guda 24 ban shafa komai ba, kuma tara kaɗai suka fito da kamanninsu, sauran da cokali yara suka kwashe su.

Asalin matsalar shi ne silikon ba ya isar da zafi kamar ƙarfe. Gwangwanin alminiyum yana gasa gefen kek har ya yi ɓawo, ɓawon nan ne yake ja da baya ya saki jikin gwangwani, amma a cikin silikon gefen yakan tsaya fari, da laushi da danshi, sai ya liƙe, musamman idan kwaɓin ya sha sukari ko kuma gwangwanin mai zanen fure ne da lunguna da yawa. Saboda haka uwargida ta narkar da bota kaɗan, ta bi kowane lungu da ƙaramin burushi, sannan ta barbaɗa fulawa ta kife ta kakkaɓe. Idan kek ɗin na cakulan ne, garin koko ya fi, don kada ya fito da furfura. Man feshi na kanti ban ba ta shawararsa ba, domin yawancinsa yana ɗauke da wani sinadari mai suna lesitin, wanda yake ƙonewa ya bar wani danƙo da ba ya jin wanki.

Kafin ta zuba kwaɓi, ta ɗora gwangwanin a kan farantin ƙarfe, saboda idan aka ɗauke shi haka yakan lanƙwashe. Ni ina gasawa a digiri 170 zuwa 180 na ma'aunin Celsius, kuma ina ƙara kamar minti 5 zuwa 10 a kan lokacin da na saba da gwangwanin ƙarfe, har sai tsinken sakace ya fito a bushe. Yawancin gwangwanayen silikon iyakar zafin da suke ɗauka bai wuce digiri 220 zuwa 230 ba, don haka idan wuta ta ɗauke ta koma gashin tukunya da yashi, kada ta bari robar ta taɓa gindin tukunyar ko gefenta.

Inda aka fi yin ɓarna kuwa shi ne wajen cirewa. Kek mai zafi bai gama haɗa jikinsa ba, kuma na san halinka da ƙanshin kek, ina kyautata zaton kana tsaye a kanta kana cewa a fito da shi. A bar shi ya huce sarai. A nan Zariya, lokacin hunturu, nan da nan yake hucewa, amma a iskarku mai laima sai an ƙara haƙuri, kuma mai zane sosai gara ya yi rabin awa a firji. Daga nan ta ɗan ja gefen robar ko'ina har iska ta shiga, ta kife, ta ɓare gwangwanin daga jikin kek ɗin kamar yadda ake ɓare leda daga alala. Wuƙa kada ta kusance shi, domin duk inda ta karta, nan kek na gaba zai kama.

Idan ta shafa cikin gwangwanin bayan wanki ta ji yana danƙo, tsohon mai ne ya taru. Ta jiƙa shi a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ta kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ta goge da soso mai laushi, kuma ya bushe ƙarau kafin a ajiye. Ta kuma matse gindinsa ta murɗa, in wurin ya yi fari, ana cewa alama ce an gauraya silikon ɗin da wani abu, irin wannan kuwa ni na daina gashi da shi, ƙanƙara nake yi a ciki.

Ka gaida uwargida da yara, kuma ina jiran hoton kek na gaba.

Naka amini,
daga Zariya.